Likita bai ce in zauna ba

Ranar da likita ya ɗaga hoton ƙashina ya kara shi da hasken taga, tambayar da na fara yi masa ita ce ko zan iya ci gaba da hawa keke. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Mushe, mutane in sun ga irin wannan hoto, abin da suke tambaya shi ne ko za su gurgunce." Sa'an nan ya nuna mani da bakin biro. A kwatangwalon dama, ratar da ke tsakanin kan ƙashin cinya da kwarmin da yake zaune a ciki ta tsuke, ƙashi kuma ya yi ƴan tsiro a gefe. Na hagu ma ya soma, amma bai kai na dama ba. Amosanin gaɓɓai ne, irin wanda ke zuwa idan guringuntsi ya fara cinyewa. Ina da shekara 44 a lokacin. Yau ina da 46, ina koyarwa a makarantar horon malamai a nan Maraɗi, kuma wata 14 ke nan ina shirin wani tsere wanda in na faɗa ma mutane tsawonsa sai su yi shiru, su dubi ƙafata, su ce Allah ya sawwaƙe.

Sunansa tiriyatalon, ni uku-a-ɗaya nake ce masa. Ka yi iyo, ka fito daga ruwa ka hau keke, ka sauka ka kama gudu, ba hutu a tsakani, agogo na tafiya har lokacin da kake ɗaura takalmi. Akwai gajere, wanda ya shiga gasar Olamfik a Sidini a shekarar 2000: iyo kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. Akwai dogo, wanda ake kira Ironman, wato mutumin ƙarfe: iyo kilomita 3.8, keke 180, sai gudun yada ƙanin wani na kilomita 42.2. Jimla 226. Wanda ya san hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, to kusan ita ce, saura kaɗan, kuma galibi awa 17 ake ba mutum ya gama. Asalin abin gardama ce a tsibiran Hawai na Amurka, kan su wa suka fi juriya tsakanin masu iyo da masu keke da masu gudu. Wani hafsan sojan ruwa mai suna John Collins ya ce a haɗa ukun a rana ɗaya a gani. Ranar 18 ga Fabrairun 1978 mutum 15 suka tashi, 12 suka kai ƙarshe, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46.

Ni rabin wannan nake nufi: iyo kilomita 1.9, keke 90, ƙafa 21.1, jimla 113. Ban rubuto don in ce kowa ya sayi keke ya bi ni ba. Na rubuto ne saboda wata magana da nake ji tun ranar da labarin ciwona ya bazu, daga abokan aiki, daga dangi, har daga ɗalibaina: "Ka girma, ka zauna ka huta." Da kyakkyawar niyya ake faɗinta, na sani. Amma ga mai ciwon gaɓa irin nawa, muguwar shawara ce, kuma muna ba juna ita kullum, muna ba iyayenmu, muna koya ma yaranmu ita tun suna lakwal.

Dalili yana cikin ƙirar gaɓar kanta. Guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙashi ba shi da jijiyoyin jini. Abincinsa daga wani ruwa mai yauƙi yake samu a cikin gaɓar, kuma ruwan ba ya shiga ya fita sai an danna an saki, kamar soso a cikin bokiti. Gaɓar da aka hana motsi yunwa take ji. Ga kuma tsoka: ta ɗuwawu da ta cinya su ne ke tallafe kwatangwalo a kowane taki. Ka zauna wata uku, sun saki, nauyin da suke ɗauke ma gaɓar ya koma kanta, ciwo ya ƙaru, ka ƙara zama, ƙiba ta biyo baya, ita ma ta hau kan gaɓar. Haka mutum ke zagayawa har ya wayi gari ba ya iya ɗaga ƙafa ya hau babur. Shi ya sa a ƙa'idojin jinyar wannan ciwo, har da waɗanda Ingila ta sabunta a 2022, motsa jiki da rage ƙiba su ne a gaba, ƙwayoyi na biye. A Denmak tun 2013 akwai wani tsari mai suna GLA:D: a yi ma masu ciwon gwiwa da kwatangwalo bayanin ciwonsu, sa'an nan su yi atisaye sau 12 cikin sati shida a gaban ƙwararre. Ƙasashe da dama sun ɗauke shi. Kuma ba ciwon mutane ƙalilan ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 528 ke da shi a 2019, kashi 60 cikin ɗari mata.

Wani abu da likitan ya gaya mani, wanda na so a ce kowa ya ji, shi ne hoto ba ya auna ciwo. Akwai wanda hotonsa ya yi muni amma yana noma, akwai wanda nasa da sauƙi amma ba ya barci. Kada a yanke ma kai hukunci da hoto kaɗai. Amma kuma a je a ɗauki hoton, don ba kowane ciwon kwatangwalo ne amosanin gaɓɓai ba. A ƙasarmu da sikila ta yi yawa, akan samu kan ƙashin cinya ya mutu saboda jini ya daina isa gare shi, kuma daɗewa ana shan dekisametazon, wadda wasu ke sha don ƙiba, na jawo irin haka. Mai wannan lalura in ya karanta rubutuna ya kama gudu, ni na cuce shi. Kafin in fara komai sai da aka gwada jinina, aka auna hawan jini, aka saurari zuciya.

Wanda ya fi kowa ba ni wuya a gardamar nan yayana ne, manomi, ya girme ni da shekara tara. Da na je gida babban hutu na yi masa irin wannan bayani, ya saurara har na gama, ya ce, "To, malamin boko. Ni tun ina ɗan shekara goma nake duƙe da hauya. Innarmu kuwa daka da ɗaukar ruwa ta yi har ƙarfinta ya ƙare. In motsi magani ne, me ya sa da sanda take zuwa bayi?" Ban samu amsa a take ba, kuma gaskiyarsa. An daɗe da sanin cewa manoma sun fi sauran mutane kamuwa da ciwon kwatangwalo. A Ingila ma an lissafa shi cikin cututtukan da sana'ar noma ke jawowa. Sai a hanyar dawowa na gane inda muka saɓa. Aikin Yaya da na Inna ba shi da ma'auni. Ba su ne ke zaɓen nauyi ba, ba su ne ke zaɓen ranar hutu ba. Damina ce ke zaɓa, rijiya ce ke zaɓa. In ƙugu ya yi ciwo yau, gobe ma gona na jira. Abin da nake kira magani motsi ne da aka auna, ana ƙara shi kaɗan-kaɗan, ana ja baya in jiki ya yi ƙara. Saboda haka maganata ba da manomi nake ba, shi hutu da kayan aiki masu sauƙi yake bukata. Da mu nake, ma'aikatan da muka bar hauya muka kama kujera: babur zuwa aiki, kujera a ofis, tabarma da shayi da maraice, sa'an nan mu kira wannan girma.

Akwai wani bincike da masu gudu ke son ambatowa, wanda aka buga a 2017 bayan an tattara sakamakon bincike da dama. Cikin masu gudu don lafiya, kashi 3.5 cikin ɗari ne aka samu da amosanin gwiwa ko kwatangwalo. Cikin marasa motsi, kashi 10.2, cikin ƴan gasa masu gudun da ya wuce kima, kashi 13.3. Na riƙe alƙaluma biyun farko na yi ta yawo da su a ɗakin malamai, na manta da na ukun. Na kuma manta cewa binciken na magana ne kan wa ke kamuwa da ciwon, ba kan wanda ya riga ya kamu ba. Mantuwar nan ta ci mani sati uku.

Ga yadda aka yi. Abin da ya fara ja ni ga wannan tsere wani tsohon bidiyo ne da na gani a waya. Wata ɗalibar jami'a, Julie Moss, mai shekara 23, tana kan gaba a tseren Hawai na Fabrairun 1982, sai ƙafafunta suka ƙi, saura kaɗan ta kai. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, wata ta wuce ta, ita kuwa ta ƙarasa da rarrafe. Bidiyon nan ya ja dubban mutane zuwa wannan wasa, kuma ni ma hawaye na yi. Sai na ɗauki darasin da bai dace da ni ba, cewa jarumi shi ne wanda jiki ya ce tsaya ya ƙi. A wata na biyar na shiri, wata Lahadi, na ƙudura sai na yi gudun kilomita 18. Tun a na bakwai matsematsina na dama ya soma suka. Na tsaya wajen wani mai tallar magani a faranti na sayi dikulofenak, na haɗiye biyu da ruwan leda, na ci gaba. Na gama, har na aika ma abokai hoton agogo. Washegari ban iya sa wando a tsaye ba. Sati uku ina salla a kan kujera, ina koyarwa a zaune, ina sa ɗalibi ya yi mani rubutu a allo. Makewayin tsugune kuwa, bari in yi shiru.

Da na koma asibiti, likitan bai yi mani faɗa kan gudun ba kamar yadda ya yi kan ƙwayar. Dikulofenak da ibufurofen da danginsu na rage jinin da ke zuwa ƙoda. Ka haɗa su da zafin rana da gumi na awa biyu, ka nemi ƙodarka da faɗa. Ga gyambon ciki, ga hawan jini. Kuma sun toshe bakin mai ba ka labari. Mun ce jiki magayi, amma mu ne kan gaba wajen rufe masa baki. Duk wanda ya san abin da taramol ya yi ma matasanmu masu aikin ƙarfi ya san inda wannan hanya ke ƙarewa: ana sha don a yi aikin da jiki ya ce ba zai iya ba. Abin da na yi ranar Lahadin nan bai bambanta da nasu ba, illa dai ni ina da takalmi mai tsada.

Don haka ba na tare da masu cewa a zauna, ba na kuma tare da masu cewa a cije. Moss tana da shekara 23 da lafiyayyun gaɓoɓi. Abin da ya ƙare mata ƙarfi ne, kuma ƙarfi na dawowa. Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa. Akan kawo mani misalin Andy Murray, ɗan wasan tanis da aka sa ma ƙarfe a kwatangwalo a Janairun 2019, ya dawo ya ci kofi a Antwap a watan Oktoban shekarar. Gaskiya ne, amma shi yana da likitocin Landan da ƙwararrun da aikinsu ke nan su kula da ƙafarsa. Ni in tawa ta kai ga tiyata, maganar miliyoyi ake, kuma ina da yara huɗu a makaranta. Misalan da suka fi amfanata su ne na tsofaffi: Madonna Buder, wata mai hidimar coci a Amurka, da ta gama cikakken tseren a Kanada a 2012 tana da shekara 82, da Hiromu Inada na Japan da ya gama na Hawai a 2018 yana da 85, saura ƴan mintoci lokaci ya cika. Ba wanda ke kai wannan shekaru a fagen tsere da cije haƙori. Da lallaɓawa ake kaiwa.

Wanda ya koya mani lallaɓawar ma'aikacin gashin ƙashi ne na asibiti, wanda muke ce ma kine. Ya ba ni ma'auni mai sauƙi, irin wanda ake amfani da shi a tsarin Denmak ɗin nan. Ka ba ciwonka maki daga sifili zuwa goma. Lokacin atisaye, in bai wuce biyar ba, ci gaba. Amma sharaɗi shi ne kafin awa 24 ya koma inda yake kullum. In ka tashi da safe ya fi na jiya, to jiya ka wuce gona da iri, ka rage. In ya hana ka barci, ko ka soma ɗingishi, ka tsaya. Na ɗauki wani tsohon littafin maki na aji na mayar da shi na ƙafata: kwanan wata, abin da na yi, makin ciwo da dare, makin ciwo da asuba. Shekara 20 ina ba yaran mutane maki, ban taɓa zaton zan ba kwatangwalona ba. Bayan wata biyu littafin ya nuna mani abin da ban sani ba: ba tsawon gudu kaɗai ke tayar da ciwon ba, gudu kwana biyu a jere ne, da gudu kan kwalta, da doguwar zama a taro.

A nan ne na ga hikimar haɗa wasa uku. Lokacin tafiya, nauyin da ke sauka kan kwatangwalo ya kai ninki biyu da rabi na nauyin jiki. A gudu yakan kai ninki biyar. A keke sirdi ne ke ɗauke da kai, a ruwa kuwa ruwan ne. Wato mai ciwo irin nawa na iya gina zuciya da huhu da tsoka a keke da ruwa, ya bar ma gudu ɗan kaso. Yanzu cikin awa takwas ko tara da nake yi a sati, fiye da rabi keke ne. Nakan fita bayan sallar asuba da hular kwano da riga mai ƙyalli, in dawo kafin rana ta yi ƙarfi da manyan motoci su cika hanya. Keken gwanjo ne. Mai gyara ya ɗaga mani kansa don kada in duƙa sosai, ya canza sandar feda da gajera, domin duk lokacin da gwiwa ta matso ƙirji gaɓar na matsewa. Wannan ɗan gyara da bai kai jika biyar ba ya fi duk wata ƙwaya da na taɓa sha amfani. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce 40, nakan rage da yawa, in riƙe gora biyu, ɗaya da ruwan gishiri da sukari, da dabino a aljihu. Da azumi kuwa ɗan abin da nake yi bayan shan ruwa ne.

Ƙafa sau biyu a sati, kan hanyar ƙasa, minti uku gudu minti biyu tafiya. Da farko na ji kunyar tafiyar, musamman in ɗalibai na kallo. Yanzu ko a jikina. Sai abin da kowa ke rainawa, wanda shi ne ginshiƙi: minti 25 sau biyu a sati a tsakar gida, zama da tashi daga kujera ba dafawa, hawa da sauka kan bulo, kwanciya a ɗaga ƙugu, da tsohuwar robar cikin tayar babur a ɗaure a gwiwa ana takawa gefe. Satin da na yi sakaci da wannan, littafin maki ne ke fara tona ni.

Iyo shi ne abin dariya. A tabkin ƙauyenmu na koya ina yaro, na kuma biya kuɗin makarantar da tsargiya, fitsarin jini da muka ɗauka alamar balaga ce. Saboda haka ko da aka ce mani ga tabkin Madarunfa kusa, na ce a'a. Wurin wanka na wani otel nake zuwa sau biyu a sati, tsawonsa mita 16. Kilomita 1.9 a cikinsa ratsa tsawonsa ne sau 119, kuma sau da yawa nakan ɓace a lissafi wajen na 70. Iyon kwaɗo da na saba da shi dole na bar shi, don buɗe ƙafa da harbawa na murɗa gaɓar. Na koyi na hannu, ina matse ƴar jarka tsakanin cinyoyi don ƙafafu su yi sama. Mai gadin wurin har yau bai yarda cewa lafiyata ƙalau ba.

Maganar kuɗi ba zan ɓoye ta ba, don uwargida ba ta ɓoye mani ba. An yi irin wannan gasa ta rabi a Maroko da Ruwanda, cikakkiyar kuma ana yin ta a Afirka ta Kudu. Kuɗin rajista kaɗai ya fi albashin wata na malami ɗan kwantaragi, ban da jirgi da masauki da ɗaukar keke. Da na fara lissafi a gabanta, ta ce, "Malam, in don lafiya kake yi, lafiyar a Maroko take?" Na rasa ta cewa. Masu cewa wannan wasan masu hali ne ba su yi ƙarya ba. Amma kilomita ba ta kamfani ba ce. Muka daidaita cewa a nan zan yi nawa, ba lambar yabo, ba mai ɗaukar hoto. Kuɗin wurin iyo kuma daga kuɗin man babur yake fitowa, tunda yanzu da keke nake zuwa aiki.

Abin da ya sa na kawo wannan magana gaban malamai da iyaye shi ne, "ka girma, ka zauna" ba a shekara 40 ake koyonta ba, a firamare ake shuka ta. A makarantarmu muna koya ma malaman gobe yadda ake shirya darasin motsa jiki, su rubuta shi tsaf a takarda, su ci maki. In na bi su zagayen gwajin aiki, me nake gani? Awar ta zama ta sharar fili, ko ta ƙarasa lissafi, ko a jefa ma maza ƙwallo, mata su zauna gindin bedi. Sai jarabawar BEPC ta matso a tuna akwai gudu da tsalle. Mafi muni, gudu da tsallen kwaɗo su ne hukuncinmu. Yaro ya makara, zagaya fili sau biyar. Bai yi aikin gida ba, kama kunne ka yi tsalle har ƙafa ta yi rawa. Shekara shida muna nuna masa cewa motsa jiki abin da ake yi ma mai laifi ne, kuma wanda ya isa shi ne wanda ke zaune yana ba da umarni. To me zai hana ranar da ya samu albashi ya nemi kujera? Ɗaya ɓangaren ma daga wajenmu yake: in yaro ya ce ƙafarsa na ciwo, mu ce ragwanci ne, namiji ba ya raki. Mun koya masa zama, mun koya masa cijewa, ba mu koya masa sauraron jikinsa ba, abin da ni sai da na kai 45 wani ma'aikacin asibiti ya koya mani cikin minti goma.

Hukumar Lafiya ta Duniya na son yaro ya samu minti 60 na motsi a rana, babba kuma aƙalla minti 150 a sati. Ba a bukatar keken tsere don wannan. Amma yaran da ba su taɓa ganin mushensu ko madam ɗinsu na gumi ba, ba za su yarda da abin da ke rubuce a littafi ba. Ƴan mata sun fi ba ni tausayi, don da sun fara girma mu iyaye ke cire su daga fili, alhali su ne ciwon nan ya fi jira a gaba. Iyo kuwa ya wuce wasa. Mutum kusan 300,000 ne suka nutse a duniya a 2021, kuma duk damina muna jin labarin yaran da tabki ko kududdufin bulo ya ci. Dukan da muke yi masu don kada su je ruwa bai taɓa hana su zuwa ba. Mu ma bai hana mu ba.

Na tuna da Hamadu Jibo Isaka, ɗan ƙasarmu da ya je Olamfik ta Landan a 2012 yana da shekara 35, ya shiga tseren kwale-kwale bayan horon wata uku kacal, ya zo na ƙarshe da rata mai yawa. Ƴan kallo a can sun miƙe suna yi masa tafi. A majalisarmu ta shayi, ni ina cikin waɗanda suka yi dariya. Yanzu in na wuce wata majalisa da gajeren wando da furfura a gemu na ji an kwashe da dariya a bayana, nakan ce bashi ne nake biya.

Ban warke ba. Da safe sai na yi minti goma kafin ƙafar ta saki, kuma zaman tahiya har yanzu da dabara nake yin sa. Hoton da aka sake ɗauka bana bai fi na farko kyau ba, bai kuma fi shi muni ba. Na rage kilo bakwai, ina tsayawa gaban allo awa biyu, ina ɗaukar autana a kafaɗa. Cikakken tseren na kilomita 226 na cire shi daga raina, don kilomita 42 a kan wannan ƙafa cin amana ne.

Mun sa rana, Asabar ta ƙarshe a watan Nuwamba, kafin ruwa ya yi sanyi da yawa, ƙurar hunturu kuma ba ta kankama ba. Ɗalibaina biyu za su ƙirga mani kai da komowa a ruwa, wani abokin aiki zai bi ni da babur ɗauke da ruwa da tayar canji. Awa takwas da rabi ake bayarwa a gasar gaske, ni ma ita na ba kaina. Uwargida ta sa sharaɗi ɗaya, kuma na sa hannu a bayan littafin maki: za ta tsaya a kilomita na goma na tafiyar ƙafa, in ta ga ina ɗingishi, ita ce za ta ce a tsaya, ba ni ba. Yaya ya aiko cewa zai zo daga ƙauye ya gani da idonsa, wai zai taho da amalanke ko da za a bukata.